Asabar ɗin da Muka Bar Majami'ar Bayan Tungan Maje

Ranar Asabar ce, kuma sharar majami'a ta faɗo kan matan unguwarmu. Na dama kunu da sassafe, na zuba wa mijina Bitrus nasa a kofin silba. Magini ne, yana aiki a wani kamfani a Idu, amma ranar bai fita ba domin siminti ya yanke musu. Ya ce zai biyo ni ya duba wata taga da ta ƙi rufuwa. Na goya Talatu, 'yarmu, muka fita.

Majami'armu ƙarama ce, a wata unguwa bayan Tungan Maje. Ba mu da fasto namu. Muna ƙarƙashin babbar majami'ar gunduma a Gwagwalada, daga can fasto ke zuwa sau ɗaya a wata ya ba da jibin Ubangiji. Sauran ranakun mai bishara, Malam Yohanna, ke riƙe da mu. Dattawan ikilisiya huɗu ne, an raba musu gidajenmu. Haihuwa, ciwo, mutuwa, rikicin miji da mata, duk dattijon unguwa ake fara kira. Bitrus na cikinsu, shi aka ba Bayan Rafi, unguwarmu, inda tsofaffi suka fi yawa.

Da hantsi mun gama shara, mun zauna gwajin waƙar zumuntar mata. Ana buga tulu, ana kaɗa gora. Sai Mama Saratu, shugabarmu, ta ɗaga hannu. Muka yi shiru.

Ihu ne daga wajen tasha. Da farko na ɗauka 'yan acaɓa ne ke faɗansu na kullum. Sai ƙarar fashewar gilashi. Sai wata ƙara mai nauyi, kamar an jefar da ganga daga saman mota. Hayaƙi baƙi ya tashi ta bayan shagunan katako.

Malam Yohanna ya shigo a guje, takalmi ɗaya a ƙafarsa. An yi faɗa a tasha, mutum ya mutu, labari ya juye, yanzu ana ƙona gidaje. Iyakar abin da ya sani ke nan.

"Mata, ku bi ta gona! Kada kowa ya koma gida!"

Bitrus ya sauko daga kan benci, guduma na hannunsa. Ya ajiye ta. Ya dubi Talatu a bayana, ya dube ni. Na san inda za shi. Ya fita ta ƙofar gabas, ya gangara Bayan Rafi.

Muka kutsa cikin dawa. Ta fi mu tsayi, ganyenta na yankar fuska. Mama Saratu na gaba, tana kiran sunayenmu ƙasa-ƙasa don kada wata ta ɓace. Bayanmu muna jin sara a jikin ƙofar majami'a. Sai warin fetur. Sai ƙarar kwanon rufi yana lanƙwashewa cikin wuta. Talatu ta soma kuka, na juyo da ita gaba na toshe bakinta da nono. Ƙafata ta taka kara ya shige, ban ji zafi ba sai daga baya.

Rana ta take tsaka muka ɓullo bakin titi. Motoci na wucewa da gudu, ba mai tsayawa. Wata tifa ta wuce mu, ta ja birki, ta dawo da baya. Malam Sani ne, Bazazzagi, wanda ke kawo wa su Bitrus yashi.

"Ku hau! Ku kwanta, kada a ga kan kowa!"

Muka kwanta kan ragowar yashi mai zafi. A wani wuri motar ta tsaya, na ji ana dukan ƙofarta da sanda. Na ji Malam Sani yana rantsuwa cewa yashin oga ne kawai. Aka bar mu muka wuce.

A harabar majami'ar gunduma ya sauke mu. Kafin la'asar matan zumunta na sauran majami'u sun ɗora tukwane. Matasa sun fitar da bencina, sun shimfiɗa tabarmi a ɗakin makarantar Lahadi. Wata nas daga cikin mawaƙa ta cire mini karan da ke ƙafata. Ni dai idona na kan ƙofa.

Dattijo Markus ya iso da mutanensa. Dattijo Ishaya ya iso, kansa ɗaure da riga mai jini. Dattijo Danjuma ya iso da nasa a motar burodi. Can sai ga mutanen Bayan Rafi suna shigowa a hankali, an turo makauniya Kaka Hannatu cikin baro. Na tashi da ɗingishi na tare su.

Suka ce Bitrus ne ya bi su gida gida, ya tsallakar da su rafi. Da ya duba bai ga Baba Audu ba, tsohon da rabin jikinsa ya shanye. Ya ce su ci gaba, zai ɗauko shi.

Washegari da sojoji suka buɗe hanya, Malam Yohanna ya je. A bakin rafi ya same su, su biyun duk ba rai. Baba Audu na ɗaure da zani a bayan Bitrus, yadda ake goya yaro.

Ba a sake gina majami'armu ba. Mutane sun watse, wasu Zuba, wasu sun koma Filato da kudancin Kaduna. Da majalisar gunduma ta zauna don raba mu cikin sauran majami'u, kowane dattijo ya tashi ya faɗi gidajensa da inda suke yanzu. Da aka zo kan Bayan Rafi, ba dattijon da zai tashi. Fasto ya ce in tashi in faɗa a madadin mijina, tunda na san su.

Na tashi. Na faɗe su duka, gida gida, har na Baba Audu da ba kowa a ciki. Na zauna.

Mama Saratu ta taɓa gwiwata. Ta ce, "Rifkatu, ba ki faɗi gidanku ba."