Hannun da Ya Iya Allura

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka dawo da mu gida, ni da maigidana. Ni malamar firamare ce, shi kuma ma'aikacin gona. Da ƙyar muka samu ciki da falo a unguwar Badariya, saboda gari ya cika da ma'aikata, kowa na neman wurin ajiye kaya. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka ɗakin ya ishe mu.

Ƙanena yana Argungu da matarsa da 'yarsu guda. Albasa yake saye yana kaiwa kasuwanni. Wata ranar kasuwa motar da suka shiga shi da matar ta ƙwace, ta faɗa rami. Nan take ya cika. Ita kuma ta karye a ƙugu, ta yi wata uku a asibiti ana yi mata allurar kashe zafi safe da yamma. Ƙashi ya haɗe, aka sallame ta, amma allurar ba ta sake ta ba. Ta gama takaba tana aikawa kemis a sayo mata. Keken ɗinkinta ya tafi, kwanukan jerenta suka bi baya. Duk wannan a bakin mutane na riƙa ji, ina cewa sharri ne.

Wata Asabar na shiga mota na je. Na yi sallama ba a amsa ba, na ɗaga labule. Matar ƙanena tana kwance a tabarma, ta yaye zane har cinya. Yarinyar, shekararta bakwai, tana durƙushe a gefenta. Ta naɗe wuyan 'yar kwalbar allura da bakin rigarta, ta ɓalle shi, ta zuƙe ruwan cikin sirinji, ta ɗaga sama ta ƙyasta shi da farce. Sannan ta shiga latsa cinyar uwar da babban yatsa tana neman wuri mai laushi, domin naman duk ya sandare kamar itace, ga gyambo nan da can. Ko hannunta bai yi rawa ba. Sai da ta zare allurar ta waiwayo ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo."

Na ce da uwar zan tafi da yarinyar. Na shirya wa faɗa, amma ba ta yi musu ba.

"Tahi da ita, Yaya," ta ce, idonta a lumshe. "Ɗiyarku ta. Ni dai ban san wa za ya riƙa yi man ba."

A gidana yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wasa ba. Na ɗinka mata kayan makaranta, na saya mata takalmi, ta durƙusa ta yi godiya kamar baƙuwa. A aji ta fi kowa kai. Amma da an kira azahar sai ta kasa zama. Ta fita tsakar gida, ta dawo, ta leƙa ƙofa. In na tambaye ta sai ta ce, "Lokaci ya yi, Gwaggo. Yanzu jikinta na rawa." In na zuba mata shinkafa, rabi take ci, ta rufe sauran ta tura ƙarƙashin gado, sai wari ya tona.

Sau ɗaya ta gudu. Na tashi daga makaranta ban gan ta ba, na bi gari ina tambaya kamar zautacciya. A tasha na same ta bayan la'asar, zaune a benci kusa da motar Argungu, direba ya hana ta shiga. Da ta gan ni sai ta miƙe ta biyo ni. Ban dake ta ba. Da na dake ta, wataƙila da ta yi kuka na samu hanyar rarrashinta.

Bayan wata biyar uwar ta zo da kanta, tana dogara sanda, ta yi wanka ta sa kwalli. Ta rantse mini ta daina, ta ce wani malami ya yi mata rubutu. Na ji daɗi har na kama kaza. Ina madafa ina fige ta na ji gidan ya yi tsit. Na dawo na tarar an turo ƙofar ɗaki. Na tura. Abin da na gani a Argungu shi na gani a kan gadona.

Na buge hannun yarinyar, sirinjin ya faɗi. Na faɗa wa uwar maganganun da har yau ba na iya maimaitawa, na ce kada ta sake taka gidana, ɗiya kuma, ta manta ita ta haife ta. Ta lallaɓa ta tsinci sirinjin a ƙasa, ta ɗaure a bakin zane, ta fita tana jan ƙafa.

Yarinyar ta dube ni. "Gwaggo, in ba ni niy yi mata ba, cikin gyambon taka sokawa. Ba ta gani da kyau."

Na ce ta rufe mini baki.

Da damina ta faɗi, uwar ta aiko sau biyu a kai mata ɗiyarta ta gani. Maigidana ya ce in kai ta. Na ce dabara ce, hannu take nema, ba ɗiya ba. Aike na uku na rasuwa ne. Ƙafar ta ruɓe, dafin ya shiga jini, kwana biyu ta yi a asibiti.

Mun je gaisuwa tare da yarinyar. A hanyar dawowa, fadama ta cika da ruwa hagu da dama, tana kallon waje ta ce, "Wa yar riƙa yi mata bayan kin kore ta?"

Na ce ban sani ba.

"Ita ta da kanta," ta ce. Ba ta sake tayar da maganar ba.

A hannuna ta girma, ni na aurar da ita. Tana unguwar Nasarawa yanzu da 'ya'ya huɗu. Duk Juma'a tana aiko mini da tuwo da miya, in ba ni da lafiya ita ce ta farko a bakin gadona. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na sha roƙonta ta bar mini 'yar autarta ko na sati guda ne, ta ɗebe mini kewa. Kullum sai ta yi murmushi ta ce, "To, Gwaggo, sai an yi hutu." An yi hutu ya fi a ƙirga.