Gadon Masu Jego a Ɗakin Baba

Waɗanda ba su san Njamena ba cewa suke me ya haɗa mu da sanyi. Su zo unguwarmu Ridina su kwana a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Janairu, sannan mu yi magana. Da rana kana sharce gumi, magariba na yi sai wani sanyi ya taso daga wajen kogi, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sami tsofaffi a gwiwa.

Mahaifina na cikin waɗanda yake samu. Fawa ya yi a mayankar Farcha tun kafin a haife ni, kullum ƙafarsa cikin ruwa tun da duku-duku, da tsufa ya zo ƙafafun suka ce sai sun rama. Ga sanyin ƙashi, ga asma. Kaskon gawayi ne yake rufa mana asiri: mu hura shi a tsakar gida har ya yi jajir, hayaƙin ya mutu, sannan mu shigar masa. Haka muka yi shekara da shekaru. Da mijina ya rasu na dawo gida, mahaifiyarmu kuma ta riga ta rasu, sai kaskon ya koma hannuna.

Sai ga shekarar da aka hana gawayi a garin. Ya ɓace ɓat daga kasuwa. Yayana, wanda yake ɗinki a unguwar Sabangali, ya ce ai wuta wuta ce, ya kunna wa Baba ice a cikin ɗaki. Kafin gari ya waye muna asibiti, Baba yana jan numfashi da ƙyar, idanunsa sun firfito. Likita ya ce ko hayaƙin turare kada ya sake shaƙa. Muka dawo da shi ɗakin da babu wuta, gwiwoyinsa suka ƙage, tari ya sarƙe shi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, ina jin kowane tari. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga alama in aka tafi a haka ba zai ga ƙarshen sanyin nan ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gadon kakata. Na ƙasa ne, mai kogo a ƙarƙashi, ana zuba garwashi a ciki, mai jego ta kwanta a kai jikinta ya gasu. A kansa na yi jegona na fari, kafin a rushe ɗakin. Aibinsa ɗaya, bakin wutar yana cikin ɗaki. Na ce to, me zai hana bakin ya koma waje? A hura wutar a tsakar gida, zafin ya ratsa bango ya bi ta ƙarƙashin gado, hayaƙin ya fice ta wata kafa ya hau sama.

Na gaya wa Yaya. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

“Ke yanzu bangon gidan ubanmu za ki fasa?”

“Ai ni ma ubana ne, Yaya.”

“Ki ƙara masa bargo mana.”

“Uku ne a kansa. In ka ƙara na huɗu sai dai mu riƙa tono shi da safe.”

Bai yi dariya ba, bai kuma hana ni ba. Na mayar da Baba ɗakina, na ce masa dakali zan gina masa. Na ari diga a maƙwabta na fasa bango a wuri biyu, ɗaya daf da ƙasa, ɗaya can wajen kusurwa. Matan unguwa suka yi ta leƙe, wai sun zo aron rariya. Na sayo jan bulo daga masu ƙona shi a bakin kogi, na jera layi-layi da rata a tsakani don zafi ya sami hanya, na shimfiɗa tsohuwar ƙofar ƙarfe a sama, na bi da laka da na kwaɓa da ƙaiƙayi. A waje na kwantar da rabin duro, wanda mu nan muke ce wa barmil, bakinsa ɗaya ya shige ramin bangon, na lulluɓe shi da laka shi ma. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Gaggawa ta sa na kunna shi laka ba ta gama bushewa ba. Gadon ya tsattsage, ɗakin ya turnuƙe, na fito ina hawaye ina tari, Yaya yana tsaye a bakin zaure ya harɗe hannu. Na jira gadon ya huce na liƙe tsagun, na bar shi ya sha iska yadda ya kamata. Da na sake kunnawa sai hayaƙin ya ƙi shiga ramin, ya dawo ta bakin duron ya mare ni a fuska. Na zauna ina hararar abin, sai na tuna murhun masu gasa burodi, yadda bututunsu yake wuce rufi. Nawa bututun, wanda na kafa a ramin kusurwa, gajere ne, ko kafaɗata bai kai ba. Na bi masu abinci na tattaro manyan gwangwanayen tumatir, na cire musu gindi, na cusa wannan cikin wancan, na ɗaure da waya har suka haura kwano. Ina kunna ashana na ji wutar ta ja iska, fuuu, ta nufi ciki da kanta.

Duk da haka ban yarda da shi ba. Na cusa jiƙaƙƙen tsumma a wutar don hayaƙi ya yi kauri, na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na bi gefen gadon da rarrafe ina sansana. Inda na ga wani siririn hayaƙi yana tsirtowa na danna masa laka. Sai da na yini a ciki ban ji ƙauri ba sannan na zuba yashi a saman gadon don ya rage kaifin zafin, na shimfiɗa tabarma da bargo, na je na kamo hannun Baba.

Ya shigo yana dogara sanda. Ya ƙwanƙwasa gadon, ya ɗora tafinsa ya ji ɗumi. Ya fita tsakar gida ya dubi bakin wutar, ya dawo. Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka Uwata yake ce mini.

“Uwata, wa ya haihu?”

“Babu kowa, Baba. Naka ne.”

“Nawa? Ni da nake kayar da bijimi ni kaɗai, yau ni za a ɗora a gadon masu jego? Saura ki dama mini kunun kanwa, ki tafasa ganyen darbejiya ki fyaɗa mini a baya.”

Ya ja tabarmarsa can ɗaya kusurwar, ya shimfiɗa a kan daɓe mai sanyi, ya juya wa gadon baya. Wallahi na ji haushi. Na koma bayan ɗaki na yi kukana ya ishe ni, na wanke fuska, na dawo na ƙara ice.

Na ƙudura a raina ba za a wayi gari gadon nan da sanyi ba, ko ya hau ko bai hau ba. Bayan la’asar nake kunnawa. In wutar ta kama sosai na sa mata itatuwa masu kauri, bayan isha’i na toshe bakin da faifan ƙarfe, ɗumin ya kwana a cikin bulo. Samun abin ƙonawar ne aiki. Busasshen ice ya yi wuya, sai na koma ƙwallon goruba da busasshen kashin shanu da nake ɗaukowa daga Farcha a buhu, da dusar katako daga wajen kafintoci. Na buɗe ƙaramar kafa a saman duron na riƙa ɗora tukunyar tuwo, don kada Yaya ya ce ina ɗumama gadon da babu kowa a kai. Ya dai faɗa duk da haka. Ɗakin ya ɗan yi dama-dama, amma sanyin daɓen yana shiga Baba, tarin bai tsaya ba.

Na gwada lallashi, na gwada fushi. Na ce masa dakali ne, ya ce shi ya ga dakali kafin a haife ni. Na ɗora allonsa da carbinsa a kai, ya sa sanda ya jawo su.

Ran nan sai ga tsohon abokinsa ya zo duba shi, wani Balaraben Shuwa da ya sha sayar masa da shanu. Ammi nake ce masa, wato baffa da Larabci. Shi bai san wani gadon jego ba, ya ga wurin zama ne kawai, ya ɗare. Sai ya yi tsam, ya shafa tabarmar.

“Da shunu?” in ji shi, wato mene ne wannan.

“Aikin ’yata ne,” in ji Baba, can ƙasa-ƙasa.

“Seme! Wallahi seme!” in ji Ammi, wato ya yi kyau. Ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, ya jingina da bango. Na kawo shayi, suka fara hirar shanun da, wane sa ne ya taɓa tsinke igiya ya bi mutane har bakin titi. Kafin zagaye na biyu na shayin Ammi ya zame ya kwanta, rawaninsa ya rufe masa ido, ya kama minshari. Baba yana zaune a ƙasa ya ƙudundune cikin bargo yana kallonsa. Ina bakin ƙofa ina ganin yadda gemunsa yake motsi. Da aka kira magariba ya zungure shi da sanda.

“Gum! Tashi! Gidanku ne?”

Ammi ya tashi yana miƙa, ya ce rabonsa da barci irin wannan tun damina, gobe ma yana nan tafe. Yana fita Baba ya dube ni.

“Wannan mutum in aka sake masa fuska tarewa zai yi a nan. Ɗauko mini matashina.”

Na ɗauko na ɗora a kan gadon, ban yarda mun haɗa ido ba. Na fita na toshe bakin wutar.

Da asuba na farka na kasa kunne. Shiru. Na yi salla na sake kasa kunne, babu tari, babu motsin buta. Baba kuwa tun da na yi wayo ban taɓa riga shi tashi ba. Gari ya yi haske, ina tsaye a ƙofarsa na kasa ɗaga labule, zuciyata tana cewa ko wata tsaga ta buɗe, ko da hannuna na kashe ubana. Da ƙyar na yi ta maza na shiga.

Yana kwance rigingine, ya ture bargo biyu gefe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka a hankali, babu ko ƙara. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, na ji ta da ɗumi. Ya buɗe ido, ya ga rana a bango, ya yi zumbur ya zauna.

“Innalillahi! Uwata, wutar nan taki so take ta kai ni waccan wutar? Asuba ta wuce ni!”

Ya sauko da ƙafafunsa ya miƙe tsaye, bai ko nemi sanda ba. Ya ɗauki buta, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

“Yau ki rage ice ɗaya,” ya ce. “Gobe kuma ki tashe ni.”