Rijiyarmu a Bakin Hankaka

Na sha ruwan garuruwa da yawa, amma har yau in mutum ya zaro kaye, wato littafin rubutu, zai tambaye ni, sai in ji muryar kakata Hajo.

Zamanin Nasara ne, a ƙauyenmu kusa da Dakoro. Wani Bature ya zo da tafinta, wai kumandan ya aiko shi ya ji shari'armu daga bakin dattawa, ya rubuta. Washegari Baba za a tambaya kan rijiyar da kakanmu ya gina.

Bayan tuwo muka kewaye wuta. Hajo ta ce, "Ga ta nan, ku matso. Kai angona, rufe baki ƙuda na wucewa." Amma Baba take harara.

Wai Zaki ya aiki Hankaka ya tambayo wa ke da wane rami. Kurege, don kunya, ya ce, "Ai ramin na duk wanda ruwa ya kora ne." Hankaka ya kai hakanan, Zaki ya ce ramin ba mai shi, kafin la'asar Kumurci ya tare ciki. Ita ko Bushiya, da ta ba da amsa sai ta taka wa Hankaka fiffike: "Maimaita mini abin da za ka kai."

Baba ya yi dariya. "Iya, ai ruwa na Allah ne. Mi zan ce?"

"Mu mun san abin da kake nufi. Shi mai jan kunnen nan ya sani? In ya rubuta ba mai ita, gobe su ba wanda suka ga dama."

Da safe Baba ya faɗi yadda kowane mai mutunci zai faɗa: rijiya ta kowa ce. Sai Hajo daga bayan zana: "Malam tafinta, karanta muna abin da ya sa." Ashe Bature ya rubuta ba mai ita! Ta lissafa wanda ya gina, wanda ke yashe ta, da yadda makiyaya ke neman izini kafin su shayar. Bature ya soke, ya sake.

Na girma, aka kai ƙarar rijiyar nan Maradi, zuju, wato alƙali, ya buɗe tsohuwar takarda. Maganar Hajo ce ta tsaya muna. Ranar na yarda tambaya na da amfani, don shari'armu a bakin mutane take, ba a littafi ba. Amma ko likita ne ya tambaye ni ina ke ciwo, sai na ce ya maimaita mini abin da ya ji.