Zauren da Sanda Bai Gama Ba

Sanda magini yana cikin jujjuya tubalinsa a rana, kamar yadda yake yi kowace safiya bayan ya sha koko, sai idonsa ya kai gaban gida. Katangar da ya kai ƙugu jiya ta zama tulin ƙasa, ga sawun takalman leburori a kanta.

Mutumin Zariya ne, daga gidan magina. Tun yana yaro yake taka ƙasa da ciyawa, ya ɗora azara a kan zaurukan da ba zai iya ƙirgawa ba. A 1956 ya biyo ɗansa Yahaya zuwa Kaduna, inda aka ba ɗan aikin akawu da gida na gwamnati a Unguwar Rimi. Gidan bulo ne da kwano, ƙofarsa tana buɗewa kai tsaye cikin falo. Ranar da Sanda ya sauka ya tsaya yana kallonsa kamar an nuna masa mutum ba riga.

A wurinsa gida tunani ne da aka yi da ƙasa. Yakan ce wanda ya zana wannan gida amsa biyu kawai ya sani ga baƙo, shigo ko tafi. Zaure shi ne amsa ta uku: zauna, ga ruwa, bari mu san juna tukuna. Saboda haka bai nemi izinin kowa ba, ya kwaɓa ƙasa ya fara gina zaure a gaban gidan.

Da ya ga tulin ƙasar a safiyar nan, ya shiga falo da ƙasa a ƙafafunsa. Yahaya na ɗaura agogo zai tafi ofis, matarsa Sa'adiya na kwashe kwanuka. Sanda ya tambaya ko duba-gari ne ya sa aka rushe. Yahaya ya sunkuyar da kai ya ce gidan ba nasu ba ne, ba a ƙara ko bulo ɗaya. Uban ya sake tambaya. Wannan karon ɗan ya ce shi ne ya kira leburorin, tun kafin wani ya yi magana, don abokan aikinsa sun fara tambaya ko rumbu ake ginawa.

"Baba, a nan ba a yin zaure. Falo ake yi."

"Falo. To a ina za ka ajiye mutumin da ba ka so ya ga tukunyarka, ba ka kuma so ka kore shi? A ƙarƙashin tebur?"

Murya ta hau. Sanda ya faɗi abin da ya daɗe yana ci masa rai: cewa an ba yaron kujera an karɓe masa kunya, cewa da hannun nan da yake ƙyama aka ciyar da shi har ya iya riƙe alƙalami. Yahaya ya ce ya gaji da warin ƙasa. Sa'adiya ta tsaya da kwano a hannu, ba ta da inda za ta ɓuya.

Sai aka yi sallama. Zakari ne, abokin aikin Yahaya, tsaye a bakin ƙofa riƙe da kekensa, idonsa a ƙasa. Ba a san tun yaushe yake nan ba.

Sanda ya dube shi, ya dubi ɗansa.

"Shigo, malam. Ai babu abin da ya rage ba ka ji ba."

Ya ɗauki hularsa daga kan kujera, ya raɓa ta gefen keken ya fita.