Akwatin da ba a binne Rifkatu da shi ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar matata Rifkatu, kuma shekara tara ke nan rabon ɗanmu Markus da ƙofar gidana. Sunana Ishaku, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, yanzu mai garkar albasa a bakin tafkin Madarumfa. Ban saba shanya sirrina a jarida ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, nawa kuwa ya daɗe yana zuba.

Sa'ad da aka turo ni koyarwa garin nan, gida huɗu ne na masu bin Almasihu. Kowace Lahadi a zaurenmu ake sujada. Sannu a hankali sauran suka tattara suka koma Maradi, inda akwai majami'a da fasto da 'yan'uwa. Ni ma na so mu bi su, Rifkatu ta ƙi. Ta ce, "Maigida, in kowa ya tahi, wa za shi yi ma garin ga addu'a?" A gidanmu ni ne mai karatu, ita ce mai bangaskiya. Shekarar da tafki ya cika ya shanye mana garka, kwana uku na yi ina kumbure-kumbure, ina fushi da Allah da mutane har da akuyoyi. Ita kuwa sai ta durƙusa tana godiya saboda irin albasar da ya tsira a cikin ƙwarya. Na ce mata wannan ba godiya ba ce, rainin hankali ne. Ta yi dariya, ta miƙo mini fartanya. Da irin nan muka sake tashi.

Ta rasu da sanyin safiya, a ƙarshen bazara, maƙwabtanmu suna cikin azumi. Na aika wa Markus, wanda kafinta ne a Maradi. Shi da ya ji, bai tsaya kuka ba, ya ɗauki katako mafi kyau a shagonsa ya shiga haɗa wa uwarsa akwati da hannunsa. A nan kuma maƙwabcina Malam Idi masunci ya tara maza, suka tafi gefen gonata da diga da shebur. Rifkatu ta yi musu girkin suna da biki ba adadi, ta zauna da matansu a kan gwiwa, don haka babu wanda ya jira a roƙe shi. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, rana tana dukan ƙeya, ba mai kurɓar ruwa. Tun hantsi suke haƙa har la'asar. Ni ina zaune a zaure kamar an buga mini taɓarya a ka, ban tuna in gaya musu komai ba.

Da motar Maradi ta iso da Markus da fasto da matan zumuntar majami'a, aka sa Rifkatu a akwati aka kai gona. Nan muka ga abin da ya faru. Kabarin da suka iya suka gina: babban rami a sama, a tsakiyarsa kuma ɗan siririn rami daidai kwanciyar mutum ta gefe. Akwati ba shi da wurin shiga. Aka yi cirko-cirko.

Malam Idi ya ce, "Mushe, ka gahwarce mu. Mu haka munka gada, ba mu taɓa gina na akwati ba. Bari mu ƙara, ba komi." Ya sunkuya ya ɗauki diga. Na dubi hannunsa, duk ya sale. Leɓunansa sun tsage. An riga an kwantar da wani dattijo a gindin gawo ana yi masa fifita. Ga rana ta karkata, ga gawa ta wuni cikin zafi. Sai na ce a bar shi haka, a fito da ita a sa ta da zanenta.

Markus ya matso ya ce, "Baba, uwata ce. Kamar mai bi za a sa ta, ba haka ba."

Ni kuwa zuciyata a kusa take tun ina yaro. A gaban fasto, a gaban gari, na daka masa tsawa: "Matata ce kahin ta zama uwarka! Kauce ka ba mutane wuri."

Ya kauce. Matan suka naɗe ta a zanen zumuntarta, fasto ya yi addu'a, aka yi waƙa, maƙwabta suna tsaye daga gefe har aka gama, sannan suka rufe da itace da laka. Markus bai ko sha ruwan gidana ba. Ya shiga motar da ta kawo shi, ya bar mini akwatin, aka dawo da shi tsakar gida.

Abin da ya biyo baya bai yi mini daɗi ba. A Maradi wasu suka ce na binne matata kamar ba mai bi ba don in faranta wa gari. A nan kuma wasu suka zaci na kusa sauya hanya, suka riƙa gaishe ni da wata irin fara'a. Duk ba su canka ba. Na zama ni kaɗai, kuma kaɗaici, in gaya muku gaskiya, ya fi ciwo ran Lahadi. Nakan share zaure, in shimfiɗa tabarma, in yi karatu da ƙarfi, in ta da waƙa da wannan murya tawa da Rifkatu ke cewa tana korar kifi. Babu mai amsawa. Akwai Lahadin da na rufe baki a tsakiyar waƙa na yi ta hawaye har azahar.

Duk da haka a zauren nan na sami abin da ya riƙe ni. Wata ranar tunawa da tashin Almasihu, ina karatu ni kaɗai, sai na lura da abin da na sha wucewa a kansa: shi ma da ƙyalle aka naɗe shi, a kabarin aro aka sa shi, cikin gaggawa kafin rana ta faɗi, kuma hakan bai hana shi tashi ba. Wanda ya san hanyar fita daga wancan kabari ba zai rasa Rifkatu a gefen gonata ba. Tun ranar ban ƙara jin tsoro a kanta ba.

Amma maganar da na gaya wa Markus, na juya karatu gaba da baya ban sami inda ya wanke ni ba. Ko'ina aikena yake yi wurinsa. Sau uku ina zuwa Maradi, in kai bakin layin shagonsa, in ji ƙarar zarto, in juya. Ƙanwarsa Tabita ce ke kawo mini labari: yana lafiya, ya zama dattijon majami'a, an haifa masa 'ya an sa mata Rifkatu, har ta shiga lakwal ban taɓa ɗaukarta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wurina ya gaje shi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi mamakin wa'azin da ke fitowa daga salula, za ta kuma dafa wa mutanen da tsoro ya koro daga ƙauyukan wajen Gabi, ko da tsabar hatsin gidan ta ƙare. Da ta gama kuma ni za ta juyo wa. Ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Takalmana za ta ɗauko ta ajiye a gabana, tunda zumunta a ƙafa take.

Abin da ya rage mini nata ke nan. Ba ta bar dukiya ba, kabarinta ma sai wanda ya sani. Ta bar mini tabbacin cewa Allah ba ya gajiya da mai dawowa, kuma wanda aka yafe wa bai kamata ya ji kunyar neman gafara ba.

Markus, in wani ya karanta maka wannan, ka ji. Ban yi nadamar tausaya wa maƙwabta ba, amma na zalunce ka. Ka zo da kukanka a cikin katako, ni kuma na kunyata ka a bainar jama'a. Aikinka yana ɗakin uwarka a kan duwatsu, gara ba ta taɓa shi ba, duk shekara ina shafa masa mai. Ban taɓa gaya maka ya yi kyau ba. Ya yi kyau, ɗana.

Ran Litinin zan shigo motar safe, kuma wannan karon ba zan tsaya a bakin layi ba. In ka kore ni, ba zan yi fushi ba. Zan dawo wata Litinin ɗin.