Shaidar da Orest Ya Yi wa Jikansa

A garin Kelmar, tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan a ƙasar Kanada, in ka ce Orest Pawliuk ko yaro ya san wanda kake nufi. Da rani makaniken motocin noma ne, kullum hannu baƙi ƙirin da man inji. Amma da zarar sanyi ya kama, tafkuna suka daskare, sai ya rufe gareji da rana tsaka, ya hau tsohuwar a-kori-kurarsa, ya shiga bin ƙauyuka yana kallon yara suna buga hoki a kan ƙanƙara, wasan da ake sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa ana kora wani ɗan baƙin faifai da sanda zuwa raga. Wani kulob na matasa a babban birni ne ya ba shi wannan aiki: ya duba, in ya ga yaron da zai yi nisa, ya sanar da su. Shi ma ya buga a zamaninsa, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji.

A kowane fili yana da mazauninsa, can sama a lungu inda iyayen yara ba sa hawa saboda sanyi. Ya zauna da fulas ɗin kofi, hula har kunne. Jama'a suna bin baƙin faifan da ido, shi kuwa ƙafafu yake kallo: yadda yaro ke lanƙwasa gwiwa, yadda yake tura ƙarfen takalminsa gefe ya miƙe ƙafar har ƙarshe, yadda yake juyawa in wasa ya juya. Bayan ƙafa sai kai. In faifai ya zo kan sandar yaro, ƙasa yake kallo ko abokansa? Wanda ya zura a raga bai cika damunsa ba. Wanda ya ba da faifan aka zura, shi yake nema.

Bakinsa kuma ba ya rufa wa kowa asiri. An taɓa yin wani manomi, Harvey Lund, da ya kawo masa cinyar barewa har gida saboda ɗansa. Orest ya ɗauki naman ya mayar bayan motar mutumin, ya ce, "Harvey, barewar nan ta fi ɗanka gudu, kuma ga ta a mace." Maganar ta yi shekaru tana yawo a shagon kofin Wally, inda dattawan gari ke hira da safe. Shi kansa Denis Gaudet, shugaban masu zaɓen 'yan wasa na kulob ɗin, yakan ce in Orest ya ce yaro ya yi, ba sai ya ƙona man mota ya je gani ba.

To, Orest yana da jika guda namiji, Rylan Epp, ɗan 'yarsa Corinne. Uban yaron direban tirela ne, ya fi kwana a hanya, don haka kusan a hannun Orest ya tashi. Shi ya malala ruwa a farfajiyar da ke bayan gidansa ya daskare ya zama fili, shi ya ɗaura masa takalmin farko. Yaron yana kiransa Gido, kamar yadda jikokin gidajen 'yan asalin Ukraine ke kiran kakansu, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Gido, in na zama babban ɗan wasa zan saya maka sabuwar gwiwa."

"Fara saya wa kanka ƙafa tukuna, sarkin nauyin jiki."

Cikin wasa ake faɗa, amma gaskiya ce. Allah ya ba Rylan kai irin wanda Orest bai taɓa gani a wajen yaro ɗan shekara goma sha biyar ba. Ba ya aika faifai inda abokinsa yake, sai inda abokin zai iso. Ya kalli hagu, 'yan baya su bi idonsa, faifai ya fita ta dama. Yaran da ba su iya komai ba sukan ci wasa don kawai suna layi ɗaya da shi. Sai dai ƙafa. Yana tsaye ƙiƙam kamar taɓarya, taku gajere, in zai juya sai ka ce tirelar ubansa ce ke shan kwana. A ƙauye wannan ba ya hana shi komai, don sauran ma ba gudun kirki gare su ba. Orest ya san a birni ba haka ba ne. Ya sani sarai.

A kakar shekarar nan matarsa Luba ta rasu. Gidan ya yi masa faɗi. Ranar wata Lahadi Corinne ta zo tana naɗa masa dankali da cuku a cikin ƙullin fulawa irin na marigayiyar, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baba, shekara nawa kana kai 'ya'yan mutane birni? Naka fa?"

"Ƙafarsa ba ta kai ba."

"To su gani da idonsu mana. Kai dai buɗe masa ƙofa. Tun da Mama ta tafi ban ga haƙoran yaron nan ba sai a kan ƙanƙara."

Maganar ta zauna wa Orest a rai. Da sanyi ya fara ja baya, wata safiya yana gareji Gaudet ya bugo waya yana tambayar waɗanda za a gayyata gwaji.

"Akwai wani yaro a nan wajenmu," in ji Orest. "Epp. Tsakiya yake bugawa."

"Kansa fa, yana ja?"

"Yana ganin fili kamar daga sama yake kallo."

"Madalla. Ƙafa?"

Orest ya tsura wa sifanar da ke hannunsa ido. "Ba laifi. Yana tafiya."

Gaudet ya yi dariya. "Ba laifi irin naka, ko irin na sauran mutane?"

"Irin nawa."

"Shi ke nan, an gama. Ka san gidansu?"

"Mutanen kirki ne," in ji Orest. Sunan danginsa da na yaron ba ɗaya ba ne, kuma bai ƙara komai ba. Ya ajiye wayar. Ya rarrashi kansa da cewa akwai rani guda a gaba, yaro yana girma, wataƙila ƙafar ta zo.

Ƙafar ba ta zo ba. Ƙarshen rani suka ɗunguma birni su uku, shi da Corinne da Rylan, wanda bai iya cin komai ba saboda ɗoki. Filin kulob ɗin, wanda ke cikin gini mai ƙanƙara ko da rani, ya ninka na Kelmar a haske da kujeru. Gaudet ya tarbi Orest hannu biyu-biyu, ya ja shi sama inda manyan kulob ke zama, yana nuna shi ga wani sabon koci yana cewa, "Ga mutumin da nake ba ka labari. Bai taɓa kawo mini ruɓaɓɓen kaya ba."

Aka fara da tsere daga wannan bango zuwa wancan. Aka busa usur, yara suka fita kamar an harba su. Rylan ya zo na ƙarshe, har wani mai tsaron baya mai jiki kamar buhun alkama ya wuce shi. Aka sake, da baya-da-baya wannan karon. Ya zo na ƙarshe. Orest yana jin Gaudet ya daina magana.

Da aka raba su gida biyu aka fara wasa sai abin ya ƙara muni. Ɗan lokacin da Rylan ya saba samu a ƙauye ya ɗaga kai ya duba, a nan babu shi. Kafin faifai ya zauna a sandarsa an iso kansa. Sau biyu aka haɗa shi da bango. In wasa ya juya, sai ka gan shi shi kaɗai a baya yana haki, yana bin sawun mutane.

Sau ɗaya tak yaron ya samu sarari. Ya karɓi faifai a bayan raga, ya juya wa kowa baya, ya tura shi ta tsakanin ƙafafun 'yan baya biyu, ya faɗa daidai kan sandar wani da babu wanda ya lura ya iso. Sai raga. Gaudet ya yi fito.

"Kai kam yana da shi, wannan ba musu," ya ce a hankali. "Amma Orest, ƙafar wa ka kalla?"

Sai ga Corinne ta hawo da kofuna a hannu, fuska cike da murna. "Baba, ga kofinka. Ka ga abin da jikanka ya yi yanzu?"

Sabon kocin ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Orest ya ji da ma ƙanƙarar nan ta tsage ya shige. Gaudet mutum ne mai ladabi. Ya miƙe ya cire hula ya gaida Corinne, ya ce ɗanta yana da basira. Sai da ta sauka sannan ya zauna, bai kalli Orest ba.

"Da ka ce mini jikanka ne, da na gayyace shi don darajarka, na kuma san abin da zan gani," ya ce. "Akwai yaron da na bari a gida don in ba wannan gurbin."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara ba. Da zagi ya yi, da ya fi wa Orest sauƙi.

Da la'asar aka sallami kashin farko, Rylan yana ciki. Suka kamo hanya, gonaki suna wucewa hagu da dama. A wani gidan mai Corinne ta shiga sayen ruwa, sai yaron ya yi magana daga kujerar baya.

"Gido, me ka gaya musu?"

Orest ya riƙe sitiyari.

"A ɗakin sauya kaya ana ta cewa wanda Pawliuk ya kawo ba ya faɗuwa. Da safe har matsa mini suke yi in zauna. Da rana wani ya tambaye ni ko in ara masa takalmina shi ma ya huta da gudu." Sai ya ƙara da cewa, "Ka san ba zan iya ba?"

"Na sani."

"To me ya sa ka bari na je na sani a gaban mutane?"

Daidai nan Corinne ta dawo, Orest ya ta da mota.

Washegari ya buga wa Gaudet ya ce ya ajiye aikin. Gaudet ya ce kada ya yi gaggawa, kowa yana da rana irin wannan. Orest ya ce a'a, duk yaron da ya kawo nan gaba sai an tambaya ɗan wa ne, kuma da gaskiyar mai tambaya. Ya so ya tambayi sunan yaron da aka bari a gida, bakinsa ya kasa.

Labari kuwa ya riga shi isa Kelmar. Ya yi makonni bai leƙa shagon kofi ba. Ranar da ya daure ya shiga, Wally ya ɗaga murya daga bayan kanta, "A'a, ga mai ido! An ce yanzu kunkuru ma kana kai shi birni?" Aka kwashe da dariya. Harvey Lund yana zaune a kusa, shi da ya fi kowa haƙƙin dariya, bai yi ba. Ya matsa masa kujera, ya tura masa gwangwanin sukari. Orest ya sha kofin nan kamar maɗaci.

Rylan ya daina zuwa gidan. In sun haɗu a coci ya gaishe shi kamar baƙo, babu tsokana. Da sanyi ya dawo Orest ya ci gaba da zuwa wasannin Kelmar, amma ya bar lungunsa na sama, ya koma ƙasa cikin iyaye. Duk yaron da ya zo daga wani ƙauye ya ga yana gudu kamar iska, sai ya ce a ransa ko wannan ne aka bari a gida saboda jikansa.

Ana cikin tsananin sanyi, wata safiya, ƙofar gareji ta buɗe. Rylan ne, takalman ƙanƙara rataye a wuya.

"Faɗa mini," ya ce. "Kamar ni ɗan wani ne."

Orest ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya faɗa masa. Gwiwarsa ba ta lanƙwasawa. Yana ɗauke ƙafa kafin ta gama turawa. Ta dama ba ya iya juyawa sai ya rage gudu, kuma duk mai ido zai gane cikin minti kaɗan. In ya yi aiki kamar jaki zai ƙaru, amma ba zai kamo yaran da ya gani a birni ba, don sun yi masa nisa. Kansa kuwa, ko a cikinsu babu irinsa.

Yaron ya saurara har ƙarshe, idonsa ya yi ja, bai yi kuka ba. "To," ya ce. "Tashi mu je."

Suka yi sanyin nan da na bayansa suna fita filin ƙanƙarar da ke bayan gidan Orest kafin makaranta, tsoho yana ɗingishi a gefe yana ihu, "Ƙasa! Zauna ƙasa!" Ƙafar ta ƙaru, ba ta kai ba. Rylan ya samu shiga wani ƙaramin kulob a garin da ke gaba da su, inda ya yi shekaru uku babu wanda ya kai shi ba da faifan da aka ci. Daga nan ya koyi aikin lantarki, ya yi aure, yanzu yana buga wa ƙungiyar magidantan Kelmar ranar Asabar.

Orest bai koma aikin ba, ko da Gaudet ya sake nemansa har sau biyu. Ya tsufa, garejin ma ya sayar. Har yanzu iyaye sukan matso kusa da shi a filin wasa, su nuna wani ɗan ƙaramin yaro mai babbar riga su ce, "Mista Pawliuk, ya ka gan shi?" Yakan kalli yaron, ya daɗe yana kallo, har leɓensa ya motsa. Sai ya girgiza kai ya ce su tambayi wani, shi idonsa ya mutu. Likitan garin dai ya ce ko tabarau ba ya bukata.