Gero a Gilashi

Yau ina haɗa wa wani shafin intanet gonar gero mai motsi, sai marigayi ƙanin mahaifina ya faɗo mini a rai, nan take raina ya ɓaci.

Aikin ba sihiri ba ne. Ganye ɗaya nake zanawa in koya masa kaɗawa, in liƙa shi a jikin kara, in jera karan a kunya, in yi ta maimaita kunyar har gona ta cika. In na gyara ganyen, gonar duka ta gyaru.

Irinta na taɓa nuna wa ƙanin mahaifin nawa a waya, a zaurensa can wajen Tsanyawa, ina ta ɗoki. Bakinsa jajawur da goro, ya dangwala yatsa duk ƙasa a kan gilashin wayar.

"Dami nawa za ta ba ka?"

"Baba, ai ba ta ci ba ce."

"To, wanda ya shuka a gilashi, ya ci gilashi."

Da damina ta faɗi, ya miƙa wa ɗansa gonar da mahaifina ya bari, wai ni ai na samu tawa.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. In tawa yafiyar yake jira, zai daɗe a kwance.